Waina ta haɗu da 'yar uwarta ta Tamil Nadu: gwajin da nake yi a kicin

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau na fara rubuta wannan aikin saboda na gaji da mantuwa, sai na yi ƙullu ya yi kyau bayan sati biyu na kasa tuna me na zuba. Daga yau duk abin da na auna zan rubuta.

Asalin abin a 2023 ne, lokacin da na yi jinyar Umma wata huɗu a Chennai, babban birnin jihar Tamil Nadu a Indiya, aka yi mata aikin gwiwa. Bayan aikin gaba ɗaya abinci ya fita ranta, shinkafa a'a, burodi a'a, shayi ma sai da lallashi, ni kuma hankalina ya tashi dan likita ya ce sai tana ci za ta samu ƙarfin takawa. Wata safiya na fita neman abin karyawa sai na tsaya turus a bakin wani ɗan shago, wata mata ce zaune gaban tanda, wallahi tanda sak irin tamu sai dai ramukanta ƙanana ne kuma sun fi zurfi, tana ɗiga mai tana zuba ƙullu tana juyawa da ɗan tsinke. Na nuna da hannu ta ce paniyaram. Na sayo na kai wa Umma, ta ɗauki ɗaya ta juya ta ta ce "ke wa ya koya musu waina?" Ranar ta ci guda bakwai, kuma daga nan cin abincinta ya dawo.

Kafin mu taho matar da muke haya a gidansu ta nuna min yadda ake yi. Shinkafa ce da wani baƙin wake da suke cire wa ɓawo ya koma fari, su Tamil suna ce masa ulundu, a Hindi kuma urad, sai 'yar hulba. Awo huɗu na shinkafa ɗaya na waken, wasu uku da ɗaya. Babu yis, babu bakin hoda, babu kanwa. A jiƙa, a markaɗa, a sa gishiri a juya da hannu, a rufe ya kwana, da safe ka ga ya taso da kansa. Ƙullu ɗaya ne da na wasu abincinsu biyu, idli da ake turarawa da dosa mai faɗi siririya da ake toyawa a kasko, har ma sun fi son wanda ya kwana biyu ya ɗan yi tsami dan yin paniyaram. A jihar Karnataka sunanta paddu, masu yaren Telugu kuma gunta ponganalu.

To abin da nake so na yi shi ne waina wadda za ta tashi ba yis, da wake a cikinta, amma da kayan da ake samu a Dawanau da Yankaba da Kurmi, ba sai na jira wani ya dawo daga Indiya ba. Sai miya da yaji da za su tafi da ita. Kuma sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne duk Bakanon da ya ci ya gane waina ya ci, dan ni haɗin nan da ake yi yanzu na a ɗebo tsire a tura cikin komai a sa masa suna bai taɓa burge ni ba, in abinci biyu za su haɗu to ya zama dama can akwai inda suka yi tarayya. Burina kafin azumi na gama.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na fara da na asali tukuna dan na san me nake bi. Akwai ragowar urad rabin kilo da Yaya ya taho min da shi, yana firiza tun tuni. Kofi huɗu na shinkafar dafawa 'yar Hausa wadda aka turara, dan su ma irin turarriyar suke amfani da ita, kofi ɗaya urad, hulba ƙaramin cokali ɗaya. Jiƙo awa biyar. Na markaɗa waken daban a blanda da ruwan sanyi har ya yi kumfa, shinkafar na kai inji na ce kar ya yi laushi sosai.

Ƙarfe tara na dare na rufe, bakwai na safe ya kusa ninkawa. Na tsaya ina kallon robar nan kamar ba ni na kwaɓa ba. Na soya a ƙaramar tandar da na taho da ita mai rami tara, ta yi daidai da wadda muka ci a can, waje ya yi ƙus-ƙus ciki kamar auduga. Amma da na zuba a tandarmu ta ƙasa mai faɗi sai tsakiyar ta yi nauyi, kuma ba ta da zaƙin nan da santsi na waina. Abban yara ya ce da daɗi amma wannan ba waina ba ce, kuma gaskiyarsa.

Abin da na fahimta game da urad, akwai wani yauƙi a cikinsa, shi ne yake riƙe iskar da ƙwayoyin tsami suke fitarwa kar ta gudu. Hulbar ma tana ƙara yauƙin. Aikin da zan nema wa magaji ke nan.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Gwaji uku, biyu da farin wakenmu ɗaya da gurjiya, duk ba su yi ba.

Tunanina shi ne ai ƙosai ma ba yis yake tashi, bugu ne kawai yake sa shi ya ɗau iska, to me zai hana. Na farko na bi awon Indiya huɗu da ɗaya, na jiƙa waken da ɓawonsa ya kwana. Da safe da na buɗe ƙullun warin da ya bugo ni ba na tsami ba ne, na ruɓa ne, dole na zubar. Na biyu na surfa waken na cire ɓawo kamar na alala, warin ya ragu amma tashin kaɗan ne kuma da aka soya ɗanɗanon ƙosai ya danne komai. Na uku na gwada gurjiya, ta yi gardi sosai sai dai nauyi kamar dutse.

Shinkafa kofi goma sha biyu ta tafi a sati biyu, a wannan tsadar, raina ya sosu ba kaɗan ba. Daga yanzu da kofi biyu zan riƙa gwaji.

Asabar, 7 ga Disamba

Yau ce ranar da aikin ya juya. Umma ce ta ce na je na samu Iya mai waina ta tsohuwar unguwarmu, wadda tun muna firamare a wajenta ake aiken mu da kwano. Yanzu jikokinta ne ke suya, ita tana zaune tana kallo tana gyara musu. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani, na nuna mata hoton tandar Indiya a waya. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce "'yar nan, yis ɗin ai baƙo ne, mun girme shi a sana'ar nan. Da can wa ya san shi?"

Na ce "Iya to da me take tashi?"

Ta ce da ƙwarya. Ƙwaryar kwaɓi ba a wanke ta tas, kuma kullum ana rage ɗan ƙullun jiya a zuba a na yau, shi ne yake tayar da sabon. In tsami ya yi yawa a ɗiga ruwan kanwa ya kwantar da shi. Ta ce kuma talgen nan ko dafaffiyar shinkafa da ake haɗawa ba dan auki kaɗai ba ne, shi ne yake ba wainar laushi da danƙo, shi ya sa tawa ta yi nauyi a babbar tanda tunda na bi ta Indiyawa na bar shi. Sai ta ce na kawo hannuna, ta shafa tafin ta ce da wannan za ki juya, ba da ludayi ba. Nan jikina ya yi sanyi, dan kalmar da matar Chennai ta gaya min ke nan, da hannu, wai ɗumin hannu yana taimakon ƙullu. Mata biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba, teku a tsakaninsu, magana ɗaya.

Maganar wake kuma ba ta yi na'am da ita ba sam. Ta ce waina wainar shinkafa ce ko ta gero ko ta masara, wake gidansa ƙosai. Amma da ta ga na dage sai ta ce in dai sai na sa to kar na bar shi ya kwana cikin ƙullun tun farko, wake ba ya jure dogon zama a jiƙe, na bar shinkafa ta yi tsaminta ita kaɗai sannan na kawo waken daga baya. Ta sa aka ɗebo min ƙullun da suka rage ba yis a ciki, na wainar gero da take yi wa kanta, cikin 'yar roba. Na riƙo shi a adaidaita kamar na riƙo jariri.

Asabar, 21 ga Disamba

Sanyi ya sauka sosai, hazo ko'ina. Ƙullun da yake tashi a awa goma yanzu sai ya yi sha takwas bai motsa ba. Na koma naɗe robar da tsohon bargo ina sa ta cikin babbar kula tare da gorar ruwan ɗumi. Ya taimaka. A Chennai ba su san wannan matsalar ba dan garin ba ya sanyi irin namu.

Ƙullun Iya yana raye, duk kwana biyu ina ciyar da shi da ɗan markaɗen shinkafa, sauran lokaci yana firji.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Alhamdulillahi. Gwaji na goma sha ɗaya, ta yi. Bari na rubuta tun ban manta ba.

Shinkafar tuwo kofi biyar, na ware rabin kofi na dafa ta yi luguf na bar ta ta huce. Sauran na jiƙa awa shida da hulba rabin ƙaramin cokali. Hulbar nan a kula da ita, na taɓa sa cokali guda cikakke ɗaci ya fito kuma yara suka ce warin maganin mata suke ji, dan mu a nan a haka muka santa. Aka markaɗa jiƙaƙƙiyar da dafaffiyar tare, na zuba ludayi ɗaya na tsohon ƙullu, na juya da hannu minti biyar, na rufe bayan isha'i.

Da asuba na surfa farin wake kofi ɗaya, jiƙon minti arba'in kawai, na zubar da ruwan na sake wankewa, na markaɗa da ɗanyar kuɓewa guda biyu ƙanana. Kuɓewar ita ce dabarar da na daɗe ina juyawa a raina, tunda yauƙi nake nema kuma ga shi a gidanmu. Na buga shi da muciya kamar na ƙosai har ya yi fari ya yi sauƙi, na ɗiga a ruwa ya taso sama, sannan na haɗe da ƙullun shinkafar a hankali, gishiri, sukari babban cokali biyu, na bar shi awa uku kacal. Ya cika robar har murfi.

Na soya a tandar ƙasa da man gyaɗa. Bakin ya yi ja, tsakiya ta yi ƙofofi irin na saƙar zuma, ba warin wake, sai wani gardi a ƙarshen harshe da waina ba ta saba da shi ba. Kuɓewar ba a jin ta ko kaɗan, sai ɗan ɗigon kore nan da can. Na aika wa Iya guda goma ban ce komai ba. Yaron ya dawo ya ce ta ci uku, ta ce a gaya min gishiri ya ɗan yi kaɗan. Ba ta ce ba waina ba ce.

Umma kuwa tunda haƙoranta ba sa son nama yanzu, ni daɗin da na ji shi ne ga wake ya shiga cikin abin da take so ba tare da ta yi ƙorafi ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Miya. Nan ne na fi daɗewa ina tunani dan nan ne zumuncin ya fi yawa, kuma nan ne ya fi sauƙin ɓaci.

Sambar da suke cin idli da ita miya ce ta wani wake da suke kira tuwaram, shi ne wanda muke ce wa waken Santanbul, Inyamurai kuma fiofio, sai tsamiya, kayan lambu, da garin kayan ƙamshi. Sau da yawa da kabewa a ciki. Sannan suna sa ɗanyen 'ya'yan zogale, dogayen nan da muke bari su bushe a bishiya, su a wajensu kayan miya ne mai daraja, a kasuwar Koyambedu ta Chennai na gan su ɗauri-ɗauri kamar itacen girki. Abin da ya ƙara ba ni sha'awa, zogale asalinsa daga Indiya ya zo mana, tsamiya kuma asalinta Afirka ce ta je can tun da daɗewa har Larabawa suka riƙa ce mata tamar hindi wato dabinon Indiya. Yakuwa ma suna ci, gongura suke ce mata a jihar Andhra, suna dafa ta da wake kuma suna ji da ita sosai. Kenan in ka jera kayan miyar taushe da na sambar rabi duk dangi ne.

Wannan ne ya ruɗe ni a gwajin farko, na zuba komai, yakuwa da tsamiya a tukunya ɗaya, ga ƙullu mai tsami. Tsami uku. Ba wanda ya iya gama kwanonsa. Na biyu na cire yakuwa na bar tsamiya, sai ta koma sambar kawai da gyaɗa a ciki, ba ta da alaƙa da taushe.

Wadda ta zauna ita ce ta ranar Alhamis. Ƙashin rago da kabewa da jajjage kamar yadda aka saba, waken Santanbul rabin kofi na dafa shi daban ya narke na dama, na rage markaɗaɗɗiyar gyaɗa zuwa rabi tunda waken ma yana kawo kauri, alayyahu, yakuwa 'yar kaɗan, tsamiya babu. Daddawa tana nan daram. Su suna da wani ƙaro mai ƙarfin wari da suke kira hing ko perungayam, aikin da yake yi musu a miya kusan shi daddawa take yi mana, to ban ga dalilin sa biyun ba, tamu ta isa.

Abu ɗaya da na ɗauko gaba ɗaya daga wajensu shi ne ƙarshen girki. Idan miya ta nuna sai su ɗora mai a ɗan ƙaramin kasko ya yi zafi, su watsa ƙwayar mastad ta yi ta fashewa, busasshen barkono, ganyen kori, su juye a kan miyar ta yi ƙara a rufe da sauri. Ni na yi da man shanu, mastad ɗin a wajen masu magungunan Musulunci na samu da sunan hardal, barkono biyu, 'yar albasa. Ganyen kori ban sa ba, dan wanda ake sayarwa a kasuwarmu da wannan sunan ba shi ne nasu ba, namu dangin ɗoɗɗoya ne, nasu ganyen bishiya ne, ƙamshin ma ba ɗaya ba. Da na juye man shanun nan maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar me ake dafawa.

'Ya'yan zogalen kuma na roƙa a gidan su Baba, aka tsinko min matasa. Na yanka kamar tsawon yatsa. Sai da na koya wa mutanen gida yadda ake ci, a tsotse na cikin a yar da ɓawon. Yara sun so shi, Abban yara ya ce wahala ce. Zan riƙa sawa a na gida, ban da na sayarwa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yaji bai ba ni wahala ba. Suna da wani gari da suke kira podi, wake ne soyayye iri biyu da busasshen barkono da riɗi a daka, a zuba a gefen faranti a yi rami a tsakiya a tsiyaya man riɗi a dangwala. To ai yajin ƙuli ne da mai, abin da muke yi tun muna yara.

Nawa: ƙuli-ƙuli kofi ɗaya, soyayyen riɗi rabin kofi, farin wake da na soya ba mai har ya yi ja rubu'in kofi, barkono, citta, 'yar masoro, gishiri, da busasshen ganyen zogale babban cokali biyu a madadin ganyen korinsu. Kanumfari na cire, yana faɗa da riɗin. Da man riɗi ya fi daɗi nesa ba kusa ba, kuma abin takaici ne a ce ga Jigawa nan kusa da mu ana loda riɗi a manyan motoci ana fita da shi waje amma samun mansa mai kyau a unguwa sai an sha nema.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sati biyu kafin azumi. Na gwada iri biyu na ƙari.

Ta gero: na maye gurbin rabin shinkafar da surfaffen gero. Su ma suna yi, kambu suke kiran gero, har suna da wani abin sha kambu kuzh, geron da ya kwana ya yi tsami a dama da tsala a sha da ɗanyar albasa lokacin zafi, ranar da na fara ganinsa a bakin titi fura ce ta faɗo min. Tamba ma suna ci sosai, ragi. A shekarar da muke can 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta a matsayin shekarar gero da danginsa, Indiya ce ta kawo shawarar, ko'ina ka shiga talla ake yi. Wainar geron ta yi duhu, ta fi ƙosarwa, kuma ta fi shan mai. Umma ta fi son ta a kan ta shinkafa.

Mai zaƙi: su da wani dunƙulen sukarin rake suke yi, vellam, wanda ba komai ba ne illa mazarƙwaila. Na narka mazarƙwaila da ɗan ruwa na tace saboda tsakuwa, na zuba a ƙullu bayan ya gama tashi, da gurzajjiyar kwakwa da ayaba ɗaya da ta nuna sosai. Zagayen farko ya ƙone dan zaƙi ba ya son wuta, sai da na rage gas ɗin can ƙasa. A ƙaramar tandar Indiya ta fi kyau, loma ɗaya ɗaya. Wannan yara sun riga sun sa mata suna 'yar Madaras, tunda na gaya musu tsohon sunan Chennai ke nan kafin a canja a 1996.

Talata, 4 ga Maris, 4 ga Ramadan

Na fara karɓar oda, gida shida, duk 'yan uwa da maƙwabta. Tsarin lokacin ne ya juye, shinkafa nake markaɗawa bayan sahur, wake bayan azahar, suya daga la'asar. Gajiya kam akwai, bugun wake da azumi a baki ba wasa ba ne.

Gida biyu sun ce a riƙa ba su miyar taushe ta gargajiya, ba sa son mastad ɗin, wai yana shiga haƙori. Na karɓa, ina raba tukunya kafin na juye man.

Laraba, 19 ga Maris

Zafi ya shigo, komai ya sake lissafi. Ƙullun da yake buƙatar dare guda a Janairu yanzu awa biyar ya wuce gona da iri. Ranar Lahadi aka ɗauke wuta tun safe, firji ya huce, tsohon ƙullun ya yi tsami har yana yaji a hanci, ni kuma na zuba shi haka, ga wake ya zauna kusan awa huɗu saboda na tsaya baƙi. Wainar ranar ta yi tsami ta kwanta, na kira gidajen ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri na mayar da kuɗi. Na ji ciwon abin sosai dan mutane ne masu azumi suka dogara da ni.

Gyaran da na yi, tsohon ƙullu rabin ludayi maimakon guda, markaɗe da ƙanƙara, wake ba ya wuce awa ɗaya da rabi a ciki, kuma na ajiye jiƙaƙƙiyar kanwa a kusa kamar yadda Iya ta ce. Na daɗe ina guje wa kanwar dan ina ganin kamar ha'inci ne ga tsarin da na ɗauko, amma a zafin Kano cokali ɗaya na ruwanta shi ne ya ceci ƙullun jiya. Robar tsohon ƙullun kuma yanzu cikin randa nake sa ta in babu wuta.

Gidaje sun kai tara. Ta gero ce ta fi tafiya, abin da ban zata ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi lafiya. Na kai wa Iya gaisuwa da kula guda, iri uku da miya da yaji. Ta ci ta shinkafa da miyar, ta tsince mastad ɗin gefe guda, ta ce yajin a ƙaro mata wani satin. Jikarta babba ta tambaye ni awon waken, na rubuta mata a takarda.

Na tura wa matar Chennai hotuna ta WhatsApp, ɗanta ne ya fassara mata. Ta turo murya tana tambayar mene ne koren da take gani a ciki, da aka ce mata kuɓewa ce ta ce za ta gwada ranar da ulundu ya yanke mata.

Abin da ya rage: har yanzu wainar tana yin tauri in ta huce fiye da ta yis, bayan awa uku sai an ɗumama, zan gwada ƙara dafaffiyar shinkafar zuwa kofi ɗaya na gani. Sannan sinasir, dan suna da uttapam da yake kama da shi, ana watsa masa albasa da tumatir da ɗanyen barkono a sama tun yana kan kasko. Na jiƙa shinkafa kofi biyu yanzu, gobe Juma'a in Allah ya kai mu zan fara da wannan ƙullun na ga ko zai bazu ba tare da ya yage ba.